Yadda ake gane rikicewar bugun zuciya da abin da likita zai yi

Zauna ka huta minti 5, ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙasan babban yatsa, ka ƙirga bugu na minti ɗaya cur. Babban mutum a hutu yana buga 60 zuwa 100. Kada ka tsaya ga adadi kawai: in bugun yana tsallake ko yana zuwa ba tsari, rubuta lokacin da abin da ka sha kafin nan. Shayi mai kauri, goro da kofi suna hanzarta zuciya, haka ma zazzaɓi da ƙarancin jini.

In da suma, ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, a wuce babban asibitin Damagaram nan take. Mai jego mai haki da kumburin ƙafa ma kada a jira da ita, a kuma dakatar da kunun kanwa.

Gwajin farko shi ne ECG, wato awon da ke zana yadda zuciya ke bugawa: ana manna wayoyi 10 a ƙirji, hannuwa da ƙafafu, babu zafi. Sai dai yana ɗaukar daƙiƙu kaɗan ne, ciwon da ke zuwa yana tafiya kan kuɓuce masa. Shi ya sa ake rataya wa mutum na'urar Holter, mai naɗar bugun zuciya, awa 24. Ana kuma auna jini, a duba sinadarin potasiyom da aikin ƙullun wuya (thyroid) da kan kumbura ya zama maƙoƙo.

In ɗakunan saman zuciya ke karkarwa, jini kan daskare ya haddasa shanyewar ɓarin jiki, don haka ake ba da maganin tsinka jini. Mai shan warfarin, ɗaya daga cikin irin wannan magani, sai ya riƙa gwajin INR mai auna tsinkewar jini, a riƙe shi tsakanin 2 da 3. Bugu mai jinkiri sosai kuwa, ƙaramar na'ura mai daidaita bugun ake dasawa ƙarƙashin fatar ƙirji.