Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Kafa Sabar Aika Imel na Talla, da Yadda Ake Gyara Su

Galibin masu kafa sabar aika imel da yawa hankalinsu na kan girman RAM da ƙarfin furosesa. Ba nan matsalar take ba. Ƙaramar sabar haya mai Postfix, manhajar aika imel, tana iya fitar da dubban saƙonni a sa'a guda ba tare da ta jigata ba. Abin da ke sa saƙo ya faɗa jakar spam, ko a mayar da shi tun daga ƙofa, shi ne irin shaidar da Gmail, Yahoo da Outlook suka yi wa adireshin IP ɗinka da domen ɗinka. Kusan kowane kuskure da za mu ambata wannan shaidar yake ɓatawa.

Sayen sabar kafin a yi tambaya

Hostin na tarayya, irin mai cPanel, ba a yi shi don wannan aikin ba. Akwai iyakar saƙonnin da za ka aika a sa'a, kuma kai da ɗaruruwan mutane kuke kan IP guda, laifin ɗaya ya shafi kowa. Sabar VPS, wato wadda ake ware maka kai kaɗai a cikin babbar na'ura, ita ma sai ka bincika. Google Cloud ya toshe fot 25 na fita, wato ƙofar da sabobi ke miƙa wa juna imel ta cikinta, Amazon EC2 yana taƙaita shi sai ka nemi a buɗe maka, Hetzner kuma yana rufe shi ga sababbin asusu. In babu fot 25, sabarka ba za ta yi magana da sabar Gmail kai tsaye ba. Kafin ka biya, tambayi kamfanin abu uku: fot 25 a buɗe yake? Za su bar ka ka saita PTR, bayanin da ke haɗa IP da sunan sabar? Dokarsu ta yarda da imel na talla? Da zarar an ba ka IP, duba shi a Spamhaus, ƙungiyar da ke ajiye jerin IP na masu spam. In wanda ya riga ka ya ɓata shi, ka ce a sauya maka tun ba ka fara ba.

Bayanan DNS

Tun watan Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka wajabta wa manyan masu aikawa SPF, DKIM da DMARC gaba ɗaya, bayanai uku da ake sakawa a DNS, rajistar sunayen domen: SPF na lissafa sabobin da aka yarda su aika da sunanka, DKIM sa hannu ne a kan saƙo, DMARC kuma yana faɗin abin da za a yi da saƙon da ya faɗi gwaji. A wurin Gmail, babban mai aikawa shi ne wanda ya kai saƙo 5,000 a rana. Microsoft ya bi sahu a watan Mayun 2025. Mutane da dama suna saka ukun, amma a karkace.

A SPF, kuskure biyu ne suka fi yawa. Na farko, saka bayanin SPF biyu a domen ɗaya, wai na Google Workspace daban na sabar talla daban. Dole a haɗe su cikin layi guda, in ba haka ba duka biyun sun lalace. Na biyu, SPF ba ya yarda a wuce binciken DNS 10, kuma kowane include, wato umarnin jawo SPF na wani kamfani, yana cin nasa har da na cikinsa. Cire na kamfanonin da ka daina aiki da su, sabarka kuma ka rubuta ta da ip4, wanda ba ya shiga lissafi.

A DKIM, yi amfani da makulli mai bit 2048. Tsawonsa ya wuce harafi 255 da zubi ɗaya na TXT ke ɗauka, don haka sai an raba shi biyu a cikin bayani guda. Wajen kwafewa ake yawan yanke shi ko a saka gurbi a tsakiya, sa hannun ya ƙi tabbata.

DMARC shi ya fi ruɗa mutane. SPF na iya wucewa, DKIM ya wuce, DMARC ya faɗi, domin yana so domen da ke layin From ya dace da wanda ya sa hannun DKIM ko wanda ke Return-Path, adireshin da saƙo ke komawa in bai isa ba. Fara da p=none, wato sa ido kawai, ka saka adireshin karɓar rahoto, ka karanta rahotannin na 'yan makonni kafin ka matsa zuwa quarantine, mai tura saƙon da ya faɗi zuwa jakar spam. Sai PTR: IP ya nuna sunan sabar, sunan ya koma kan IP ɗin, kuma sunan da sabar ke gaisuwa da shi a HELO ya zama shi ne dai. Aika wa kanka saƙo a Gmail ka buɗe asalinsa, za ka ga PASS ko FAIL a gaban SPF, DKIM da DMARC.

Gaggawa a ranar farko

Sabon IP kamar baƙo ne a unguwa, ba a san halinsa ba. In ya tashi da saƙo dubu hamsin rana ɗaya, Gmail zai fara amsa masa da lambar 421, wato dakata. Fara da 'yan ɗaruruwa a rana, ga mutanen da suka buɗe saƙonka kwanan nan, ka riƙa ƙarawa sannu a hankali tsawon mako huɗu zuwa shida. In 421 ta yi yawa, koma adadin jiya. A Postfix, ware wa Gmail da Yahoo hanyarsu daban, ka rage haɗin da ake buɗewa lokaci guda daga 20 da yake zuwa da shi, ka sa ɗan jinkiri tsakanin saƙonni.

Wasu in abu ya cije sai su sayi IP ashirin su riƙa juyawa. Wannan dabarar masu spam ce, Spamhaus na da jeri na musamman dominta, kuma domen ɗinka na nan ana ganinsa ko ka sauya IP sau ɗari.

Jerin adireshi

A nan ne aka fi yin asara, kuma babu saitin sabar da zai gyara shi. Jerin da aka saya ko aka kwaso daga intanet cike yake da matattun adireshi da tarkunan da aka ɗana don kama masu spam. Ban da haka, aika wa wanda bai amince ba na iya saɓa wa dokar kare bayanai ta GDPR a Turai ko Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023. Ka sa duk mai rajista ya tabbatar ta mahaɗin da za a aika masa.

Saƙon da ya dawo da 550 5.1.1 yana nufin babu wannan adireshin. A cire shi nan take, kuma manhaja ce za ta yi, ba mutum ba. Listmonk, Mautic da MailWizz duk suna iya wannan in an haɗa su da akwatin da saƙonni ke dawowa, amma sau da yawa ana mantawa da haɗawar. Amazon SES, hidimar aika imel ta Amazon, yana sa asusu cikin bincike in dawowa ta kai kashi 5 cikin ɗari, yana iya dakatar da shi a kashi 10.

Kada ka ɓoye hanyar fita. Wanda ya rasa inda zai cire kansa maɓallin spam zai danna, kuma Gmail na so ƙorafi ya tsaya ƙasa da kashi 0.1, kada ya taɓa kai 0.3, wato mutum uku cikin dubu. Saka List-Unsubscribe da List-Unsubscribe-Post a kan saƙo don fita da danni ɗaya, ka cika buƙatar cikin kwana biyu.

Sauran ƙananan abubuwa masu tsada

Kada talla da saƙonnin rasit ko sauya kalmar sirri su bi IP ɗaya. Ware wa talla ƙaramin domen nasa, don in ya samu matsala kwastoma ya ci gaba da samun rasit ɗinsa. Duba mynetworks a Postfix, jerin adireshin da aka yarda su aika ta sabar, kada ka bar sabar a buɗe kowa ya aika ta cikinta, domin masu spam suna gano irin wannan cikin ƙanƙanin lokaci. Kunna TLS, mai ɓoye saƙo a kan hanya. Saƙon da ya wuce kilobait 102 Gmail na datse shi, sau da yawa har da mahaɗin fita da ke ƙasa. Sannan ka yi rajista da Google Postmaster Tools, SNDS na Microsoft da tsarin ƙorafi na Yahoo tun kafin saƙon farko ya fita, ka riƙa duba su tare da log ɗin sabar bayan kowane aikawa.