Yadda za a riƙa gane hotonka tun kafin a ga sunanka

Kusan kowane mai ɗaukar hoto da kwaikwayo yake farawa, kuma wannan ba aibu ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne mutum ya shekara biyar da kyamara a wuya, amma in aka cakuɗa hotunansa da na mutum goma, shi kansa sai ya yi lalube kafin ya tsamo nasa. Sabuwar kyamara ba ta maganin wannan. Maganinsa shi ne ka ƙuntata wa kanka da gangan: batu ɗaya, gilashin kyamara (lens) ɗaya, irin haske ɗaya, sannan zaɓe babu sani babu sabo.

Fara da abin da ke hannunka. Tattaro hotunan shekara ɗaya ko biyu, ka ware na biki da suna da aka biya ka, ka bar waɗanda ka ɗauka don son ranka. Zaɓi 30, a wanke maka su ƙanana, santimita 10 da 15, ka baza su a kan tabarma. Wankin yana da dalili: waya ɗaya bayan ɗaya take nunawa, ba za ka taɓa ganin abin da ke maimaituwa ba. A kan tabarma kuwa sai ka lura, misali, hannaye kake bi ba fuskoki ba, ko kullum daga nesa kake tsayawa, ko inuwa ta fi haske yawa a aikinka. Rubuta abin da ka gani cikin kalma uku. Wannan shi ne irin da za ka shuka.

Sai batu. J.D. 'Okhai Ojeikere, mai ɗaukar hoto ɗan Najeriya, ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a 1968, ya tara hotuna kusan 1,000, da yawa daga ƙeya, bango fayau babu abin da zai raba hankali. Abu ɗaya ya riƙe har ya zama da shi ake saninsa. To, kai ma matse naka. "Rayuwar Kano" ta yi faɗi. Hannayen masu rini a marinar Ƙofar Mata da baba ya rina, wannan batu ne. Ƙofofin zaure na unguwa ɗaya batu ne. Sharaɗin kawai shi ne wurin ya zama kana iya zuwa sau biyu a mako na wata uku, domin zuwan farko abin da kowa ke gani za ka ɗauko. Sai wajen zuwa na shida ko na bakwai, lokacin da mutane suka daina gyara zama in sun hango ka, aiki na gaskiya ke farawa. Ka fara da gaisuwa da neman izini, musamman ga mata da dattawa, kuma in ka dawo ka kawo musu hotonsu a wanke.

A wata ukun nan gilashi ɗaya za ka riƙe, milimita 35 ko 50. Henri Cartier-Bresson, shahararren mai ɗaukar hoto ɗan Faransa, ya yi yawancin aikinsa da 50. Amfanin shi ne idonka zai haddace faɗin abin da gilashin ke kamawa, ka san inda za ka tsaya tun ba ka ɗaga kyamara ba. Mai waya ya tsaya kan babbar kyamarar baya, kada ya jawo hoto da yatsu, don yanke shi kawai ake yi ya dusashe. Gilashin waya mai faɗi ne, in ka matso fuska ƙasa da mita ɗaya hanci zai kumbura. Ja da baya kaɗan.

Haske ne wurin da aka fi tafka asara. Daga hantsi zuwa bayan azahar rana a tsakar ka take, ido ya faɗa cikin inuwa, goshi ya yi ƙyalli. Ko dai ka shigar da mutum bakin zaure ko ƙarƙashin rumfa, haske ya zo masa ta gefe, ko ka jira bayan la'asar. Lallausan hasken gab da magariba ba ya daɗewa a ƙasar Hausa, saboda haka ka isa wurin da wuri, ka riga ka zaɓi matsayi. Hazon hunturu kuma yana kashe inuwa ya mayar da sama toka-toka. Wasu ajiye kyamara suke yi, alhali ga fuska babu hasken da ya fi shi laushi. Kawai ka rage sama a cikin hoton, kuma kada ka sauya gilashi a waje, ƙura za ta shiga ta bar ɗigo a kowane hoto.

Ga kuskuren da ke ɓata hotunan Sallah da Juma'a: farar babbar riga ta cika hoto, kyamara ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage shi, fuska ta nitse cikin duhu. Ƙara hasken da kanka da +0.7 zuwa +1 a ma'aunin hasken kyamara, kana duba kada aikin wuyan rigar ya ƙone ya zama fari fat. Ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, na ba ka damar ceto duka biyun wajen gyara. Dokin hawan Sallah a sukuwa yana son ƙiftawar kyamara ta 1/1000 na daƙiƙa in kana so ya tsaya cak. In kuwa gudun kake son a ji, sauka zuwa 1/30 ka bi shi da kyamara. Duk biyu daidai ne, amma ka zaɓi ɗaya ka dawwama a kai cikin aikin.

Haka ma gyara. Shiryayyun launukan manhajar gyaran hoto ta Lightroom da ake yayi galibi kan farar fata aka gwada su, a kan baƙar fata sai su mayar da mutum ruwan goro ko toka. Yi naka gyaran a kan hoto ɗaya har fata ta fito yadda take, ka shafa shi a kan sauran. Kuma kada ka mayar da hoto baƙi da fari don rufe aibinsa. Tun wajen ɗauka ake yanke wannan shawara.

Zaɓe ya fi ɗauka wuya. Cikin hotuna 300 ka tsamo 30, ka bar su mako biyu ba ka kalla ba, sannan ka tsamo 12 daga cikinsu. Jiran yana raba ka da tausayin kanka: hoton da ka sha rana kafin ka samu ba lalle ya yi kyau ba, mai kallo bai san wahalar ba. Nuna su ga mutum biyu da ba sa jin nauyinka. Kada ka ce "sun yi kyau?", kunya za ta sa a ce e. Tambayi "wanne ne bare a cikinsu?" Wanda duka biyun suka nuna, cire shi ko da shi ya fi tara yabo a Instagram. In goma sha biyun sun ƙi haɗuwa, sauya abu ɗaya tak, lokacin zuwa ko nisan tsayuwa, ka ƙara wata guda.