Yadda Ake Ɗaukar Hoton Tasha Idan Dokar Kulle Ta Watsa Ta

A kullen Korona na 2020, samarin garinmu da ke bakin titin Dambatta zuwa Kazaure sun yi ta ɗaukar hoton tasha da wayoyinsu. Dole su ɗauka. An kama azumi ranar 24 ga Afrilu, ranar 27 Shugaba Buhari ya sanar da kulle Kano baki ɗaya, sai ga tashar da ake raba dare a cikinta bayan asham ta yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Hotunan da na gani kusan duk baƙi ƙirin ne, sai ɗigon fitila can nesa. Abin da zan faɗa zai yi maka amfani duk ranar da aka sake sa dokar hana fita.

Fara da gidan mai unguwa. Ka gaishe shi, ka faɗa masa abin da za ka yi, ka roƙi ya sanar da 'yan sintiri. Mutum shi kaɗai a tsugune gaban shagon wani cikin duhu, ba wanda zai ce hoto yake ɗauka.

Sai ka zaga wurin da rana. A nan na faɗi, shi ya sa zan daɗe a kai. Daren farko na tsaya tsakiyar titi na ɗauki tasha gaba ɗayanta, na tura wa yayana da kullen ya rutsa da shi a Kaduna. Amsar da ya ba ni ita ce, "Ƙanina, ina ne nan?" Mutumin da ya girma a tashar nan bai gane ta ba. Da na sake duba hoton sai na ga gaskiyarsa: kowane ƙauye haka yake da ƙarfe biyun dare, ko da Korona ko babu. Fili ba kowa ba ya nuna cewa an taɓa cika shi. Abin da mutane suka bari, shi ke ba da shaida.

Don haka ka nemi abin da aka bari, ka matsa kusa da shi. Tukubar mai tsire da tokarta ta yi sanyi, akuya ta hau ta kwanta. Bencinan mai shayi a kife kan tebur, an ɗaure su da igiya, murhu ba tukunya. Wanda ya fi taɓa ni shi ne allon gidan kallon ƙwallo. An dakatar da gasar Firimiya ta Ingila ranar 13 ga Maris, ba a dawo ba sai 17 ga Yuni, allon kuwa yana nan jingine da wasannin da ba a buga ba, allin ya fara goguwa, ƙura ta hau kai. Da na sa allon a gaba, ƙofar langa-langa da kwaɗonta a baya, yayana bai sake tambaya ba. Ka zaɓi irin waɗannan guda uku ko huɗu tun da rana, ka san inda za ka tsaya wa kowanne. Kada ka taɓa komai, kada ka gyara zaman benci don hoto ya yi kyau. Da ka gyara, ya tashi daga shaida.

Lokaci kuma, ni ban yarda da tsakar dare ba. Magariba ce. A watan Afrilu da Mayu rana na faɗuwa wajen bakwai saura kwata, kana da kamar minti ashirin kafin shuɗin sama ya mutu. A ɗan tsakanin nan ne rufin rumfuna ke fita sarai. Cikin azumi ka sa dabino a aljihu, ka sha ruwa, ka yi salla, ka yi maza. In ya wuce ka, jira daren sha huɗu. Na azumin waccan shekara ya faɗo ranar 7 ga Mayu, farin wata ya haska tasha har da inuwar rumfa a ƙasa.

Kashe filasha. Ba ta kai taku biyar, sai ta haska ƙura ta baƙanta baya. Goge gilashin kyamarar da gefen rigarka. Kada ka riƙe wayar a hannu: ɗora ta kan bulo, ka tokare ta da dutse, ka sa ta jira daƙiƙa 3 kafin ta ɗauka, don girgizar yatsa ma ɓata hoto take. Ba sai ka kashe kuɗi kan ƙafar kyamara ba, bulo ya ishe ka. In Tecno ko Infinix ɗinka na da tsarin dare, kunna shi. In tana bari ka saita da kanka, ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, kada ya wuce 400, ƙofar haske ta zauna buɗe daƙiƙa 2 zuwa 4. Fitilar sola in akwai, ka bar ta a gefe, kada ka fuskance ta.

In mutum ya shigo, mai gadi ko tsohon da ya fito shan iska, tambaye shi: "Baba, in ɗauka da kai?" In ya ƙi, shi ke nan.

Da ka koma gida rubuta rana, ƙarfe nawa, da sunan wurin. Kada ka ƙara wa hoton haske har dare ya koma rana. In za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse shi duhun ya dagule. Ajiye kwafi a katin memori daban, mafi kyawun biyu kuma ka kai a wanke maka a birni idan hanya ta buɗe.