Yadda ake sa dodon-koɗi ya share gansakuka a kwamin ruwa na gida

Duk wanda ya gina ɗan kwamin ruwa a tsakar gida ko a lambu, na ado ko na ƙananan kifaye, ya san halin gansakuka. Sati biyu cikin zafin bazara, sai bango ya yi kore shar, ka taɓa ka ji santsi. Dodon-koɗin ruwa yana rage wannan aiki, domin harshensa kamar magagari yake, yana ta kankare bango da shi. Sai dai a ƙasarmu ba kowane iri ake tsomawa a ruwan gida ba.

Fara da duba gansakukar. In a bango da duwatsu da tukwanen shuka ta manne, to aikinsa ne. In kuwa ruwan ne kansa ya koma kamar miyar kuka, dodon-koɗi ba zai tsinana maka komai ba. Maganin wannan shi ne inuwa da rage abincin kifi. Ka sa bado ko kainuwa su rufe kamar rabin saman ruwan, ka kuma daina watsa abincin da kifin ba zai cinye cikin 'yan mintoci ba.

Sai batun inda za ka samo shi, kuma a nan ne ake yin ɓarna. Kada ka ɗebo daga kududdufi, ko rafi, ko magudanar ruwan noman rani. Wasu ƙananan dodannin-koɗin waɗannan wurare su ne masaukin tsutsar tsargiya, ciwon nan da ke sa yara fitsarin jini. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin dodon-koɗi, bayan 'yan makonni dubban 'ya'yanta su fito su huda fatar duk wanda ya tsoma hannu ko ƙafa. Ba sai an sha ruwan ba. Akwai tsargiyar fitsari, akwai ta hanji. Masana na kiran dodon-koɗi mai ɗauke da ta fitsari Bulinus: ka ɗaga tsininsa sama, bakin yana kallonka, za ka ga bakin a hagu. Mai ɗauke da ta hanji, Biomphalaria, shi a baje yake kamar gammo. Waɗannan biyun ko kyauta aka ba ka, ka ce na gode.

Wanda ya fi dacewa shi ne mai dogon ƙoƙo mai tsini, Melanoides, wanda da rana yake binne kansa a yashi, da dare ya fito kiwo. Ba ya ɗaukar tsargiyar mutum. Ka nema wajen masu sayar da kifin ado, ka tambaya ko a kwami aka haife shi. Ni ko an ce mini haka, ba na zubawa kai tsaye. Ina ajiye su a bokiti daban, da yashi a ƙasa da ɗan ganyen latas, har su hayayyafa, sannan in kwashe 'ya'yan da cokali in kai kwami. Ba ya buƙatar namiji kafin ya haihu, don haka ba za ka daɗe kana jira ba.

Kafin ka zuba su, gyara ruwan. Na famfo ka bar shi a buɗe ya kwana biyu, kulorin, sinadarin da ake sa wa ruwan famfo, ya fice. Maganin gansakuka na kanti da yawa akwai sinadarin tagulla a ciki, shi kuwa kashe dodon-koɗi yake yi, ka karanta jikin kwalba. Ka daka ɓawon ƙwai ka barbaɗa kaɗan, da shi suke gina ƙoƙonsu. In ka ga ƙoƙon yana fari yana zaizayewa, ka ƙara. Ka sa dodannin-koɗin a leda da ruwansu, ka bar ta bisa ruwan kwamin na rabin awa don ɗumin ya daidaita, sannan ka sake su. Goma sun isa ƙaramin kwami. In tarwaɗa kake kiwo, kada ma ka wahalar da kanka, cinye su za ta yi.

Daga nan abin lura biyu ne. Yara kada su yi wanka ko fitsari a kwamin. Sannan yawa: in ka haska tocila da dare ka ga bango ya cika maƙil, abinci ne ya yi yawa a ruwan. Jefa ganyen kabeji da magariba, da asuba ka ɗauke shi da duk waɗanda suka hau kai, ka zuba musu tafasasshen ruwa ka binne. Kada ka watsar a kwata ko rafi, domin dodon-koɗin da ya bazu yana iya zama annoba. Wani babban dodon-koɗi ɗan asalin Kudancin Amurka, mai ƙwai ruwan hoda, ya ɓulla a gonakin shinkafa na Mwea a Kenya a 2020, manoma har yanzu suna fama da shi yana cinye musu dashe.