Yadda za ka koyi zanen fili da fuskar mutum da kanka

Ni ba wanda ya zaunar da ni a aji ya koya min fenti, da fensir da kwali na fara, kuma shekarun farko duk kala ce ta cinye min su, ina ganin in na dace da launin fata ko koren bishiya shikenan zane ya yi. Ashe ba nan gizo ke saƙar ba, haske da duhu ne ke riƙe zane.

To kafin ka taɓa buroshi, ƙanƙance idonka ka kalli abin da za ka zana har ƙananan abubuwa su ɓace, za ka ga ya rage wuri mai haske, wuri mai duhu, sai na tsakiya. Waɗannan ukun ka fara shimfiɗawa da kala ɗaya tsararo, ruwan ƙasa ya isa. In ka ja baya taku biyar ka gane abin a haka, ci gaba, in ba ka gane ba wallahi ko wace kala ka ɗora ba za ta gyara shi ba.

A zanen fili, wato na sarari da bishiyoyi, abin da ke nesa ya fi kodewa kuma yana ɗan komawa shuɗi-shuɗi saboda iskar da ke tsakaninku, don haka duhu mai ƙarfi ka ajiye shi wa abin da ke kusa. Fara da sama ka gangaro ƙasa. Kada ka zana ganye ɗai-ɗai, bishiya dunƙule ce mai ɓangaren rana da ɓangaren inuwa.

Fuska kuwa ita ce mai wuyar sha'ani. Kusan duk sabon shiga yana kai ido sama da yawa, alhali ido a tsakiyar kai yake in ka auna daga tsakar ka zuwa haɓa, kuma tsakanin idanu biyu faɗin ido ɗaya ne. Ka zaunar da mutum inda haske ke zuwa ta gefe ɗaya, inuwar hanci da ta ƙarƙashin leɓe su ke kawo kama, gashin ido ka bar shi sai ƙarshe. Kala huɗu sun ishe ka fata: fari, baƙi, ja da rawaya mai ƙasa-ƙasa, haɗin da aka san mai zane Anders Zorn na ƙasar Suwidin da shi. Farin ido ma ba fari tas ba ne, ka ɗan dusashe shi.

Fentin akirilik, wanda ake sirkawa da ruwa, yana bushewa cikin mintuna, na mai sai ya kwana biyu, ni na fi son mai koyo ya fara da akirilik don in ya yi kuskure nan take zai rufe. In ka gama, kai zanen gaban madubi, karkacewar baki ko idon da ya fi ɗan'uwansa girma a nan za su fito maka fili, sai ka koma ka gyara.