Kurakuran da sakatarorin rassa ke yawan yi wajen rubuta rahoton aikin al'umma a Legas

Kwanakin baya wani rahoto ya iso hannuna daga ɗaya daga cikin rassan ƙungiyarmu na ɓangaren Agege. Shafi huɗu ne. Na farko da rabin na biyu duk gaisuwa ce da godiya: ga shugaba, ga iyayen ƙungiya, ga Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, ga malamai. Da aka zo kan aikin sai layi biyu: "An gudanar da aikin yashe kwata cikin nasara, kuma jama'a da dama sun amfana." Abin ya dame ni, domin na je wurin da kaina. Na ga matasa cikin kwata, baƙin ruwa har gwiwa, suna fito da robobin lemo da ledojin fiya wata da shebur, wani yaro gilas ya yanke shi a ƙafa ya ɗaure da tsumma ya koma ciki. Kwana biyu suna wannan. Rahoton ya ci haƙƙinsu.

Na kira sakataren na ce, "Malam, ina tsawon kwatar? Mutum nawa suka fito? Wa ya ba ku baro?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi Yaya, sai da aka ce gobe ne ranar ƙarshe na zauna na rubuta." Nan ne tushen kusan duk kurakuran da zan ambata. Ana barin rubutu sai aiki ya yi wata biyu da wucewa, sai mutum ya koma yana lalube cikin ƙwaƙwalwarsa, abin da ya manta ya cike gurbinsa da "da dama" da "dimbin jama'a". Gyaran ba shi da wuya, kuma da sanyin safiya ake kama fara: a ware mutum ɗaya ranar aikin, ba shebur zai riƙe ba, littafi da biro zai riƙe. Ya rubuta lokacin da aka fara da lokacin da aka tashi, sunayen waɗanda suka fito, abin da aka saya, da abin da ya faru wanda ba a yi tsammani ba. Gaisuwa kuma layi uku sun wadatar, ba wanda zai ce an raina shi.

Sai batun ƙidaya, inda na fi ganin mutanen kirki suna faɗawa cikin ƙarya ba da niyya ba. Ɗauki ciyarwar azumi. A ce reshe yana raba kwano 100 na buɗa-baki kullum har kwana 30. Sakatare sai ya ninka ya rubuta cewa mutum 3,000 sun amfana. Ba haka ba ne. Kwano 3,000 aka raba, amma masu zuwa karɓa yawanci su ne dai na jiya: masu gadi, 'yan dako, masu wankin takalmi, almajirai na unguwar. Wataƙila ba su wuce 150 ba. Rubuta duka biyun, kowanne da sunansa: adadin kwano daban, adadin mutane daban. Idan ba a ɗauki sunaye ba, ka ce "kimanin", ka kuma faɗi yadda ka ƙiyasta.

Haka yake a gangamin ba da jini. Waɗanda suka zo daban ne da waɗanda ma'aikatan lafiya suka amince a ɗebi jininsu, domin ana mayar da wasu saboda ƙarancin jini ko ƙarancin nauyi ko rashin lafiya. Adadi uku ake so: waɗanda suka zo, waɗanda aka ɗiba, da ledar jini nawa aka miƙa. Kada ka ɗauko na farko ka ɗora shi a matsayin na ƙarshe. Ka nemi ma'aikatan da suka yi aikin su ba ka adadin a rubuce da sa hannunsu kafin su naɗe kayansu. A awon hawan jini da suga kyauta kuwa, abin da ya fi amfani ba yawan waɗanda aka auna ba ne. Mutum nawa aka samu jininsu ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, nawa aka tura asibiti, nawa daga cikinsu aka bi sawu aka tabbatar sun je? Wannan na ƙarshen kusan ba na ganinsa a rahoto, alhali shi ne aikin.

Akwai wani ƙaramin abu da ya keɓanta da mu mazauna Legas, wato ma'auni. A kasuwannin nan da derika da robar fenti ake awo, mu kuma a ka muna da mudu da tiya na gida, waɗanda su ma ba ɗaya suke daga gari zuwa gari ba. Reshe ɗaya ya rubuta "kowace bazawara ta samu kwano biyu", wani ya rubuta "fenti ɗaya", mai haɗa rahoton jiha ya rasa yadda zai tara su. A rubuta da kilo. Buhun shinkafa kilo 50 ne. In an raba shi ga gida 10, kowane gida ya samu kilo 5, magana ta ƙare.

Yanzu kuɗi. Kuskure mafi girma shi ne layin nan guda: "An kashe naira kaza wajen sayen kaya da sauransu." Wannan "da sauransu" ta raba rassa da yawa, ta sa aminai sun daina gaisawa a masallaci. Na sani, mai sayar da tumatir da albasa a kasuwar Mil 12 ba ya ba da rasit, direban danfo (motar haya) da ɗan dako ma haka. To reshe ya buga nasa ɗan littafin biya: kwanan wata, abin da aka saya, nawa, wa ya biya, wa ya shaida. Mutum biyu su sa hannu, kuma kada ya zama ma'aji ne kaɗai ya je kasuwa. Wannan kariya ce gare shi kafin kowa. A saka ƙananan abubuwan da ake rainawa: cajin mai POS, naira 50 da ake cira a turin kuɗi na dubu 10 zuwa sama, kuɗin ruwan sha, kuɗin sauke kaya. Su ne ke taruwa su zama giɓin da ake tsayar da ma'aji a kansa ran taro, yana rantsuwa, ba shi da takarda.

Kuɗin mota shi ma yana buƙatar bayani. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin ɗaukar kaya daga Mil 12 zuwa Ojo ko Agege ya sauya ƙwarai. Wanda ke karanta rahoton a Kaduna ko Abuja bai san nisan wuraren nan ba, bai san gosulon hanyar Badagry ba. Layi ɗaya na bayani zai hana shi zargi.

Gudummawar da ba ta kuɗi ba ce kuma ake yawan mantawa gaba ɗaya. Wani Alhaji a mayankar Oko-Oba ya ba da cinyar bijimi, wata Hajiya ta ba da aron tukwane da murhu na wata guda, wani ya ba da motarsa. Duk a rubuta su a sashe na daban, da ƙiyasin darajarsu, ba tare da an cakuɗa su da tsabar kuɗin da ya shiga asusu ba. In mai bayarwa ya ce a sakaya sunansa, a rubuta "wani bawan Allah", amma kayan su bayyana. Kuma don Allah a daina karɓar gudummawa ta asusun bankin mutum ɗaya. Ƙungiyar da ta yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, wato CAC, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 wajibi ne amintattunta su miƙa bayanan shekara-shekara, kuma daga rahotannin rassa ake haɗa su. Lissafin reshe ɗaya in ya rikice, uwar ƙungiya ce ke shan wahalarsa.

Kwanan wata da wuri ba sa buƙatar dogon bayani, amma ana tafka kuskure a cikinsu. "Azumin bana" ba kwanan wata ba ne. Azumi ya kama ranar 11 ga Maris a 2024, ya kama 1 ga Maris a 2025, kowace shekara yana matsowa da kusan kwana 11, don haka a rubuta na Miladiyya, in an so a haɗa da na Hijira. Wuri kuma a faɗi titi da unguwa da ƙaramar hukuma. Legas tana da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37 da aka ƙirƙira a 2003. Mil 12 tana Kosofe, Idi-Araba tana Mushin, Alaba Rago tana Ojo. Ranar da za ku nemi haɗin gwiwa da shugaban yankinku, abin da zai fara dubawa ke nan: a ƙasarsa aka yi aikin ko a ta maƙwabcinsa?

Hotuna. Nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Ba na son hoton da aka jera marayu ko matan da mazansu suka rasu, kowa rungume da leda, manya tsaye a bayansu suna kallon kyamara. Matar nan maƙwabciyar wani ce, gobe za a ga hoton a Facebook a garinsu. Ɗauki hoton kayan kafin a raba, ɗauki hoton kwata kafin a yashe da bayan an yashe daga wuri guda, ɗauki 'yan sa-kai suna aiki. In dole sai fuska ta fito, a nemi izinin mai ita, yaro kuma a nemi na mai kula da shi. Jerin sunaye da lambobin wayar waɗanda aka taimaka wa ya zauna a fayil ɗin reshe, kada ya shiga rahoton da za a watsa a zauren WhatsApp. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi wannan, kuma tun kafin doka addini ya hana tona asirin mabuƙaci.

Abin da ya fi wuya a shawo kan sakatarori su rubuta shi ne abin da bai yiwu ba. Kowa na tsoron a ce reshensu ya gaza. A aikin kwatar da na fara da shi, an tara dattin da aka yaso a bakin titi, ba a yi magana da masu kwashe shara da wuri ba, aka yi ruwan sama da daddare, kusan rabinsa ya koma inda ya fito. Rahoton bai ce komai ba. Da ya faɗa, da reshen da ya yi irin aikin bayansu ya san cewa ana tuntuɓar LAWMA, hukumar kula da shara ta Legas, ko masu kwashe shara na unguwa tun kafin a sa ranar aiki, kuma an fi cin riba a yi shi a Maris, kafin damina ta kankama. Haka nan ɓangaren mata: su ke dafa abincin, su ke sanin gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, amma sai ka karanta rahoto har ƙarshe ba ka ga an ambace su ba. A ba shugabarsu dama ta kawo nata bayanin a haɗa.

Wanda Turancinsa bai nuna ba ya rubuta da Hausa, a fassara daga baya in ana buƙata. Ya fi a ɗauko rahoton bara a sauya kwanan wata, wanda na sha kamawa, har da sunan mamacin da aka ce ya halarta. Kafin a tura, a karanta shi a gaban 'yan reshe, shugaba da sakatare da ma'aji su sa hannu.

Sakataren Agege ya sake rubuta nasa bayan sati ɗaya. Ya koma wurin da igiyar awo ya auna kwatar, ya bi matasan ɗaya bayan ɗaya ya karɓi sunayensu, ya saka kuɗin allurar da aka yi wa yaron da gilas ya yanka, ya kuma roƙi uwar ƙungiya ta taimaka da takalman roba da safar hannu kafin aiki na gaba. Shafi biyu ya kama. An amince da takalman a zaman da ya biyo baya.