Yadda Za Ki Kawo wa Yara Tatsuniyar Ananse

Da farko ki bari sai bayan isha'i, an ci tuwo, an shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Wayoyi duk a ajiye, har taki.

Ki buɗe yadda suka saba: "Ga ta nan, ga ta nanku." Kada ki ci gaba sai sun amsa, "Ta zo mu ji ta."

Daga nan ki gaya musu yau baƙo gare mu, Ananse, gizon mutanen Akan na Ghana, wanda wayo da haɗama ba su bar shi ba, kamar Gizo mijin Ƙoƙi. Ya tattara hikimar duniya kaf a tukunya, ya ɗaure ta a cikinsa, wai zai ɓoye ta a saman bishiya, amma tukunyar ta hana shi hawa. Nan ki miƙe ki kwaikwaya: ki rungumi tulu, ki yi ta zamewa, kina maganar hanci. Kada ki yi sauri, nan daɗin yake.

Sai ki dakata ki tambaya, "To, ya zai yi?" Sau da yawa ƙaramin cikinsu ne zai ce ya goya ta a baya, abin da Ntikuma, ɗan Ananse, ya faɗa masa ke nan. Haushi ya sa Ananse ya saki tukunyar, ta fashe, kowa ya tsinci rabonsa.

Ki rufe da "Ƙurunƙus," gobe kuma wani yaro ya maimaita ta da bakinsa.